Kabalu da sadalu: Abin da na gani a Magamar Jibiya

Ranar Lahadin makon jiya wata hidimar zumunci ta kai ni Jibiya. Duk wanda ya san garin ya san Lahadi ce ranar kasuwarsa, ranar da mutanen Ɗan Isa da Madarumfa da Maraɗi ke gangarowa da dabbobi da wake, su koma da abin da sefa ta iya saya musu. Da na gama abin da ya kai ni sai na biya ta Magama, inda shingen kwastan yake, don in gaisa da wani tsohon abokin karatu. A nan azahar ta riske ni. Na yi alwala na shiga wani ɗan masallaci na bakin titi, irin wanda direbobi da 'yan kamasho da fatake ke cikawa, inda ba a tambayar mutum daga wace ƙasa ya fito kafin a matsa masa wuri a sahu.

A damana akwai wani dattijo, da ganin rawaninsa da jin Hausarsa ka san daga tsallaken iyaka yake. Kusa da shi kuma wani saurayi ne da bai wuce shekara ashirin da biyar ba. Liman ya yi kabbara. Allah Ya yafe mini, gefen idona ya gane mini dattijo ya saki hannuwansa, saurayi kuwa ya ɗora dama a kan hagu bisa ƙirji. Wannan ba abin mamaki ba ne, haka sahunmu yake ko'ina a ƙasar Hausa. Amma ana sallamewa, tun dattijon bai gama tasbihi ba, sai saurayin ya juyo ya ce masa, da muryar da kowa ya ji: “Baba, wannan sallar taka akwai gyara. Ba haka Annabi ya yi ba.”

Dattijon ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ce: “Yaro, tun ba a haifi mahaifinka ba nake salla haka. Malamin da ya koya mini a Birnin Katsina ya yi karatu, kuma ya sauke wa almajirai Muhtasar ya fi a ƙirga. Kai wa ya koya maka, waya?” Kafin ka ce kwabo masallaci ya rabu biyu. Wani direba ya ce ai irin waɗannan tsofaffin ne suka riƙe bidi'a suka ƙi saki. Wani ɗan kamasho ya mayar masa da cewa ku ne kuka zo kuka raba kan jama'a. Liman ya yi ta ba da haƙuri ba mai saurarensa. Abin da ya kashe wutar shi ne kiran yaran mota, “Katsina mutum biyu! Ɗan Isa mutum ɗaya!” Kowa ya tuna da abin da ya fito da shi daga gida. Amma na ji dattijon yana saka takalmi yana cewa shi da wannan masallaci har abada. Maganar nan ita ta tsaya mini a rai.

A motar da na shiga ta komawa Katsina, wanda ke zaune kusa da ni wani magidanci ne da ya kalli duk abin da ya faru daga kan benci a gindin bishiya. Bahaushe ne Kirista, mutumin ƙasar Malumfashi, mai koyar da addini a wata ƙaramar majami'ar Katolika. Muna ɗaukar hanya ya yi murmushi ya ce: “Malam, ashe ku ma kuna da irin tamu?” Na ce wace iri? Ya ce ai su ma rigimar hannu suke fama da ita. Akwai addu'ar da suke kira Addu'ar Ubangiji, wadda suka yi imani Annabi Isa, Alaihis Salam, ne ya koya wa almajiransa, kuma babu sujadar Lahadi da ake yi ba a karanta ta ba. Idan an zo wurin, limamin coci yakan buɗe hannuwansa. To, jama'a fa? Wasu su haɗa tafukansu a ƙirji, wasu su buɗe su sama kamar yadda limami ya yi, wasu kuma kowa ya kama hannun na kusa da shi. Ya ce tsofaffin da suka tashi a hannun fada-fadan da suna ganin buɗe hannu shisshigi ne cikin aikin limami, matasa kuwa suna ganin tsofaffin sun mayar da addu'a kamar faretin soja. Ya ce ya san wata dattijuwa da ta sauya bencin da ta shekara da shekaru tana zama, don kawai kada wata yarinya ta sake kama mata hannu.

Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Da na dawo gida sai na bi diddigin maganarsa, na tarar abin ya wuce ƙaramar majami'arsa nesa. Littafin ƙa'idojin sujadar Katolika ya fayyace abin da limami zai yi da hannuwansa, ya fayyace lokacin da jama'a za su miƙe da lokacin zama da na durƙusawa, amma ya yi shiru game da hannuwan jama'a a wannan addu'a. A cikin wannan shirun rigimar ta sami wurin zama. Masu hanawa suna kafa hujja da wata takarda da Fadar Fafaroma ta fitar a 1997, wadda ta hana mabiya kwaikwayon motsin da aka keɓe wa limami. Masu yi kuma suna nuna zane-zanen Kiristocin farko da ke cikin kaburburan ƙarƙashin ƙasa na birnin Rum, inda ake ganin masu addu'a hannuwansu a buɗe, suna kuma tunatar da cewa bishop-bishop na Italiya sun daɗe da halatta wa jama'arsu hakan. Kama hannun juna kuwa sabon abu ne da ya yaɗu bayan shekarun 1960, musamman a Amurka, har wani bishop na can, Roger Foys na Covington, ya fitar da umarnin hana shi a 2011.

A Filifin, ƙasar da ta fi kowace yawan 'yan Katolika a nahiyar Asiya, maganar ta taso da ƙarfi a 2023. Bishop ɗin Dumaguete, Julito Cortes, ya umarci mabiyansa su riƙa haɗa tafukansu, su bar buɗewa da kama hannun juna. Cikin 'yan makonni kwamitin ibada na majalisar bishop-bishop ta ƙasar ya fitar da sanarwa cewa ƙa'ida ba ta umarta ba, ba ta kuma hana ba, don haka a bar kowa da wanda ya fi natsar masa da zuciya. Wannan ya ƙare da takarda. A jihar Kerala ta Indiya bai ƙare da takarda ba. A can saɓanin a kan inda limami zai fuskanta ne, jama'a ko bagadi. Majalisar cocin Siro-Malabar ta yanke hukunci a 2021 cewa a bi tsari ɗaya, limaman yankin Ernakulam da mabiyansu suka ƙi, har a watan Disambar 2022 aka ba hammata iska a cikin babbar majami'ar garin, 'yan sanda suka rufe ta.

Mafi muni shi ne abin da ya faru a Rasha, a cocin Otodoks. A 1653 shugaban cocin, Nikon, ya umarci a riƙa yin alamar gicciye da yatsu uku maimakon biyu da mutane suka gada. Jama'a da yawa suka ƙi. Taron malaman coci na 1666 zuwa 1667 ya tsine musu, hukuma ta bi su da kamu da kisa, aka ƙone jagoransu Avvakum da ransa a 1682. Sai a 1971, bayan shekara ɗari uku, cocin ya janye tsinuwar, ya yarda cewa tsohuwar hanyar ma daidai ce. Yatsa ɗaya tal ne tsakaninsu.

Ba na kawo waɗannan don in yi wa maƙwabtanmu dariya ba, ba kuma don in daidaita ibadarsu da tamu ba; kowa da aƙidarsa. Na kawo su ne saboda mutum ya fi ganin tabon da ke bayan rigar wani. Bahaushen da ya ji labarin yatsun Rasha zai riƙe baki ya ce wannan wace irin wauta ce. To, mu waiwayo gida mu ga ko mun tsira.

Ƙasar Hausa ƙasar Malikiyya ce tun ƙarnoni. Almajiri yakan fara da Ƙawa'idi, ya bi ta Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, ya wuce Askari, in Allah Ya ja kwana ya kai Muhtasar. A wannan hanya sadalu, wato sakin hannu, shi ne abin da aka sani. Tushensa ruwayar Ibnul Ƙasim ce daga Imamu Malik a cikin Mudawwana, inda ya nuna rashin son kama hannu a sallar farilla, kuma a kanta Shehu Halilu ya tafi a Muhtasar. Amma Halilun da kansa ya kawo cewa malamai sun yi saɓani a kan dalilin ƙin: ko don kada mutum ya mayar da hannun abin dogarawa, ko don kada jahili ya ɗauka wajibi ne, ko don gudun nuna ƙanƙan da kai wanda babu shi a zuci. Sannan shi Imamu Malik ɗin ne dai ya ruwaito hadisin ɗora dama a kan hagu a cikin Muwaɗɗa, kuma manyan malaman mazhabarsa irin su Ibnu Abdil Barri sun rinjayar da kabalu. Ashe saɓanin daga cikin gida yake, kuma ya girmi dattijon Magama da saurayinsa da sama da shekara dubu.

Abin da ya kamata saurayin nan ya sani shi ne ta wace ƙofa kabalu ya yaɗu a Arewa. Ta hannun Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha ne. Bayan haɗuwarsa da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin Hajji na 1937, da ziyarce-ziyarcensa Kano daga baya, almajiransa suka rungumi kabalu, shi kuma ya rubuta littafi guda, Raf'ul Malam, don kare shi. A wancan zamani idan ka ga mutum ya kama hannu a sahu, to ka ga ɗan Faila. Malaman da suka tsaya a kan tsohuwar hanya suka mayar da martani. Shehu Nasiru Kabara ma ya rubuta nasa littafin, Ƙam'ul Fasad, yana fifita sadalu a wannan ƙasa. Da a tsakanin malamai da alƙalumansu abin ya tsaya, da sai mu ce alhamdu lillahi, karatu ya ƙaru.

Bai tsaya nan ba, domin siyasa ta shigo. A lardin Sakkwato sarakuna sun ɗauki yaɗuwar sabuwar Tijjaniyya a matsayin ƙalubale ga ikonsu, musamman da yake matasa da 'yan kasuwar da suka karɓe ta da yawansu suna da ra'ayin NEPU. A 1949 aka rushe wasu masallatan Tijjanawa a lardin bisa umarnin hukumar gargajiya. A 1956 aka yi tarzoma. A 1965 kuma rikicin 'yan kabalu da 'yan sadalu a ƙasar Argungu ya ci rayuka, har da na 'yan sanda. Waɗanda suka mutu a waɗannan fitinu duk alƙibla ɗaya suke kallo, raka'a huɗu suke yi a azahar, kuma da wuya a ce mafi yawansu sun taɓa buɗe Mudawwana ko Muwaɗɗa.

Sai kuma zamani ya juya. A 1978 aka kafa Izala a Jos ƙarƙashin Shehu Isma'ila Idris, da goyon bayan karantarwar Shehu Abubakar Gumi. Ƙungiyar ta taso ne da sukar ɗariƙu, Tijjaniyya a kan gaba, amma ita ma kabalu take yi. Ta ƙetara wannan iyaka ta Jibiya ta yi ƙarfi a Maraɗi tun shekarun 1980, kamar yadda Faila ta riga ta kafa sansani a Kiyota ta Jamhuriyar Nijar. Yau a ƙauyuka da dama, tsoho in ya ga yaro ya kama hannu sai ya ce yaron nan ya shiga Izala. Kakan yaron kuwa, da ya yi haka nan a 1955, cewa aka yi ya shiga Faila, wataƙila ma an kai shi gaban alƙali. Hannu ɗaya, wuri ɗaya a ƙirji, amma cikin shekara talatin ya tashi daga tutar wannan rukuni ya koma tutar abokin hamayyarsa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa faɗan da ake yi a bakin masallaci ba na hadisi ba ne tsantsa. Akwai tambayar da ke ɓoye a ƙarƙashinsa: kai na wane ne, wa zai yi limanci, wa ke da masallacin?

Na san abin da wani mai karatu zai ce, domin na sha jin sa daga bakin ɗalibai masu kishin addini, kuma ba na raina shi. Zai ce Malam, kana so ka ce kowa ya yi salla yadda ya ga dama? Ibada ai ba ra'ayi ba ce, koyi ce. Idan hadisi ya inganta, don me za a yi shiru saboda tsoron ɓacin ran tsoho? Gaskiya ne, ibada koyi ce, kuma wanda ya bincika ya gamsu cewa kabalu ne sunna, ya yi kabalunsa, ya karantar da shi a majalisinsa, ba mai ikon hana shi. 'Yan Katolikan da ke neman a bi tsari ɗaya su ma suna da hujja irin wannan: in aka bar kowa ya ƙirƙiro nasa motsin, wata rana sujada za ta koma dandali. Jam'i yana buƙatar tsari, shi ya sa ma ake daidaita sahu.

Amma fiƙihun da muka gada ya rarrabe mana abubuwa daki-daki: ga farilla, ga sunna, ga mustahabbi. Wanda ya bar ruku'u dole a gaya masa, ko sarki ne, domin ba shi da salla. Kama hannu ko sakinsa kuwa, a cikin mazhabobin nan huɗu babu wadda ta ce yana ɓata salla. Duk wanda Allah Ya kai shi Harami ya gani da idonsa: Baturke ya kama ƙasan cibiya, mutumin Indunusiya ya kama ƙasan ƙirji, mutumin Oman ya saki, namu na Afirka ta Yamma wani ya kama wani ya saki, duk a bayan liman ɗaya, kuma ba a taɓa tsayar da ɗawafi don a raba gardamar ba. Tozarta dattijo a gaban jama'a kuwa, da raba kan masu salla, da korar mutum daga ɗakin Allah, waɗannan babu malamin da ya yi saɓani a kan haramcinsu. Saurayin Magama ya tafka abin da aka haɗu a kan haramcinsa don ya gyara abin da aka yi saɓani a kan falalarsa. Wannan ba ciniki ba ne na mai hankali.

Kada kuma a ɗauka laifin na matasa ne su kaɗai. Na san garuruwan da tsofaffi suka kori yara daga masallacin unguwa don sun kama hannu ko sun ɗaga murya da amin. Na san inda aka hana saurayi aure saboda ba ya zama addu'ar jam'i bayan sallama, da inda aka ƙi bin gawa saboda limamin da zai sallace ta yana yin ƙunutu da asuba. Yaron da aka kora daga masallacin mahaifinsa ba barin salla zai yi ba. Zai je ya kafa rumfa a ƙarshen layi, shekara biyu ta zama masallaci, shekara biyar a fara Juma'a. Haka ƙauyen da bai cika masallaci ɗaya ba yake wayar gari da Juma'a biyu da filin idi biyu. Dattijon Magama ma, da ya ce wa yaron “wa ya koya maka, waya?”, ya zuba nasa man a wutar. Mai yiwuwa yaron ya zauna gaban malami ya yi karatu na gaske, ladabi ne kawai ba a haɗa masa da shi ba.

Magabatanmu ba haka suka yi ba. Sanannen labari ne cewa halifan Abbasiyawa ya nemi ya tilasta wa duk daular Musulunci bin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya hana shi, saboda sahabbai sun warwatsu a garuruwa, kowane gari da ilimin da ya isa gare shi. Mutum ne aka ce za a ɗora littafinsa a kan kowa, ya ce a'a. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma, a rubuce-rubucensa na ƙarshen rayuwa irin su Najmul Ihwan, ya yi ta jan kunnen almajirai da kada su tsananta inkari a kan abin da malamai suka yi saɓani a cikinsa. Ya ga abin da zafin kan ɗalibai ke iya jawowa bayan an ci yaƙi an zauna. Mu da muke alfahari da sunayen waɗannan bayin Allah, ina muka baro wannan ɓangare na karatunsu?

Abin da ya sa maganar ta fi yi mini ciwo shi ne wurin da ta faru. Jibiya ba garin da ke da rarar haɗin kai ba ne da zai yi almubazzaranci da shi. Mutanen da ke ɓangarorin biyu na shingen Magama dangin juna ne. Sarakunan Katsina na Haɓe da jihadi ya fitar su ne suka kafa Maraɗi, har gobe kuma sarautar can Sarkin Katsina ake ce mata. Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja layi a tsakani a farkon ƙarni na ashirin. Layin nan ya sha zama ƙunci ga talaka. An rufe shi a watan Agustan 2019, ba a buɗe na Jibiya ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Yamai, sai Maris na 2024 aka buɗe. Kowace rufewa, direba da ɗan dako da mai abinci a tasha su ne ke kwana da yunwa, ɗan Izala da Batijjane da Baƙadire da Kirista, ba ta ware kowa.

Ga kuma 'yan bindiga. Mutanen Shimfiɗa sun san ranar da suka baro garinsu a ƙafa a 2022 suka kwarara cikin Jibiya, mata da goyo, tsofaffi da sanduna. Dubban 'yan Najeriya daga Katsina da Zamfara da Sakkwato sun tsallaka jihar Maraɗi neman mafaka tun 2019, kuma waɗanda suka tarbe su da ruwa da hatsi ba su tsaya tambayar yadda suke riƙe hannu a salla ba. A watan Agustan 2025, a Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi, masu sallar asuba aka buɗe wa wuta a cikin masallaci. Wanda ya harbe su bai duba wa ya kama wa ya saki ba. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Garin da rabinsa ba ya gaisawa da rabi saboda masallaci, yaya za a yi su zauna inuwa ɗaya su tsara sintiri, ko su yarda da labarin da ɗayansu ya kawo cewa an ga baƙin babura a bayan gari?

Maƙwabtanmu Kiristoci ma jirgi ɗaya ya kwaso mu. A watan Oktoban 2023 Fafaroma Francis ya yanke Katsina daga Sakkwato ya mayar da ita yankin bishop mai zaman kansa, ya naɗa Gerald Mamman Musa, wanda ake ambata a matsayin Bahaushe na farko da ya kai wannan matsayi a cocin Katolika. Mabiyansa tsiraru ne, da yawansu manoma ne a ƙauyukan da 'yan bindiga ke kai wa hari. Abokin tafiyata ya ce mini da bakinsa, ranar da aka ji harbi a kusa da ƙauyensu ana tsakar sujada, dattijuwar nan da ba ta son a kama mata hannu, yarinyar da take gudu ce ta kama hannun nata ta ja ta zuwa cikin dawa. Bai ƙara komai a kai ba, ni ma ban tambaya ba.

Saboda haka ina da roƙo guda uku. Na farko ga malamanmu masu wa'azi, musamman masu hawa Facebook da TikTok, inda yanzu yara suka fi ɗaukar karatu: idan za ku karantar da mas'alar da aka yi saɓani, ku faɗi ra'ayinku da hujjarku, sannan ku faɗi cewa akwai malamai na kirki da suka tafi a kan ɗaya ra'ayin, kuma sallar mai binsu ingantacciya ce. Jimla ɗaya ce, ba ta rage muku komai, amma rashinta ne ke haifar da irin saurayin Magama. Na biyu ga limamai da kwamitocin masallatan tasha da kasuwa da bakin iyaka: waɗannan masallatan matafiya ne, Bazabarme da Buzu da Bayarabe da Babarbare duk suna tsayawa a cikinsu. A sanar da jama'a cewa gyaran sallar baƙo aikin liman ne, a keɓe, cikin mutunci, kuma a kan abin da ke ɓata salla. Na uku ga iyayenmu: yaron da ya dawo daga makaranta ya kama hannu bai fita daga addinin kakanninsa ba, Muwaɗɗar da kuke girmamawa ya bi. Ku ja shi a jiki, ku tambaye shi abin da ya karanta, ku ma ku nuna masa naku.

Da muka iso Katsina, a tashar da aka sauke mu, ni da abokin tafiyata muka yi musabaha. Ya ce, “Malam, sai wata rana. A sa mu a addu'a.” Na ce Allah Ya kiyaye hanya. Shi ya nufi motar Malumfashi, ni na nemi ruwan alwala, don la'asar ta kawo jiki. Har yanzu ina tunanin dattijon nan. Lahadi mai zuwa zai sake kawo tumakinsa kasuwa, azahar za ta sake riskarsa a Magama, kuma in ya cika rantsuwarsa, a gefen titi zai shimfiɗa buzunsa shi kaɗai, ladan jam'i ya wuce shi, ga masallaci yana kallo. Ina fata wani daga cikin waɗanda suka halarci abin zai karanta wannan shafi, ya nemi saurayin nan ya ce masa ya je ya tari tsohon ya ce, “Baba, a yi haƙuri, ƙuruciya ce.” Idan ya yi haka, ya raya sunnar da babu wanda ya taɓa yin saɓani a kanta.

Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya haɗa kawunanmu, Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa ta rashin tsaro a Jibiya da sauran garuruwanmu. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.